Akuyar da Kaka Ta Ba Baffa Illa

A gidanmu na Dakoro, in an sauko daga sallar magariba Kaka takan zauna bakin murhu tana ɗumama ƙafafunta, mu kuwa mu kewaye ta da kwanon tuwo. Shekarar da maƙwabtanmu suka sayi tele muka fara gudunta. Akwai wani wasan kwaikwayo da ake nunawa duk mako, na wani mutum da ya cuci danginsa. Ranar da aka ƙare shi na dawo da gudu, idona jawur don daɗi.

"Kaka, ya tuba! Ya yi kuka, kowa ya yafe mashi!"

"Madalla. To mi suka ba shi ya riƙe?"

"Ba komi. Rungume shi suka yi."

"Af. Ashe da saura."

A lokacin ban gane ba. Amma na san Baffa Illa, ƙanen Baba, yana zaune can jikin bango shi kaɗai. Shekara huɗu kafin nan Baba ya ba shi tumakin gidanmu ya kai su kiwon damina wajen Tagriss, shi kuwa ya sayar da su ya shiga duniya. Ya dawo ba ko jaka. Baba ya ce ya yafe, suna gaisawa, suna ci kwano ɗaya, amma ko igiyar jaki bai ƙara miƙa masa ba. Mun ji Baffa yana cewa in an yi girbi zai sake tafiya, wannan karon ba dawowa.

Baba ɗan fari ne, don haka Kaka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Da zarar ta ga ya shimfiɗa tabarmarsa kusa, sai ta ɗaga murya ta buɗe mana tatsuniya.

"Ga wata ta iso bakin ƙofa. A buɗe mata?"

"A buɗe!"

Ta ce an yi wani makiyayi wanda fari ya cinye garkensa. Abokinsa ya ba shi habbanaye, wato aron saniyar da Fulani ke yi: ka riƙe ta har ta haihu sau uku, maruƙan naka ne, uwar ka mayar. Shi kuwa ya kai ta kasuwa. Daga nan kowa ya ci gaba da amsa sallamarsa, ana ba shi nono ya sha, ba wanda ya zage shi. Yana ta ramewa. Rannan wata tsohuwa ta jawo saniyarta guda ɗaya tak ta ɗaure masa. Aka ce, "Inna, kin haukace? Saida ta zai yi!" Ta ce, "Wataƙila. Amma in ba a ba shi abin da zai iya saidawa ba, ta ina za mu san ya daina?"

Kaka ta tsaya nan, ta hau gyara itace.

"Ya saida?" muka tambaya.

"Oho. Ban kai nan ba tukuna."

Baba ya yi gyaran murya, ya tashi. Da safe muka ga Kaka ta kwance jar akuyarta ta miƙa wa Baffa igiyar, Baba yana tsaye yana kallon sama kamar mai neman hadari. Bai hana ba. Da yamma ma shi ya aika da dusa.

Baffa bai tafi ba. Ranar da ya mayar da akuyar, ina shekarar farko a lise, wato babbar sakandare, sai da ya wanke ta da sabulu ya rataya mata sabuwar ƙararrawa, ƴaƴanta bakwai suna biye suna kuka. Kaka ta yi dariya har da hawaye.

"Illa, amarya ka kawo mani ko akuyata?"

Yanzu a Maradi nake karatu, kuma har yau ina son waɗannan wasanni, ina kuka tare da masu tuba. Sai dai nakan ga ana rufe labarin daidai inda ya kamata ya fara. Cewa "na yafe" na da sauƙi. Abin da ke riƙe mutum a gida shi ne a sake damƙa masa wani abu mai rai, a juya baya a tafi. Bana Baffa ne ya kai garken unguwarmu duka arewa, har da tumakin Baba.