Baƙin Man Motar Auta

Bana, shekarar nan da aka buɗe ta da rigimar ƙarin kuɗin fetur, damina kuma ta zo da ambaliyar da ta ci gonakin fadama, ita ce ta uku da rasuwar maigidana Alhaji. A cikinta, bayan Babbar Sallah, na je Alƙahira ganin autana.

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da wata 'yar ƙanwata mai saro kaya. Direban da ya kai mu Kano yana sa giya kamar mai faɗa da ita. Ni ban yi boko ba, amma matar direban babbar mota ce ni tun ina yarinya, kunnena ya san inji mai lafiya da mai ciwo. Na ce ya sassauta, ya kuwa sassauta. Jirgi ne dai ban san kukan injinsa ba, sai na kama bakina na kama carbi.

Alƙahira gari ne da ba a tuƙi sai da hon. Gada a kan gada, ga masu keke ɗauke da faifan gurasa a ka suna ratsa motoci, ko ɗaya ba ta faɗuwa. Gurasar da araha, nama ne sai a hankali. Akwai abincinsu koshari, shinkafa da taliya da wake a kwano guda, kamar an kwaso ragowar tukwanen gida uku. Allah Ya so ni na taho da yajina.

Auta karatu ya kawo shi. Ya gama, ya yi aure, ya zauna a unguwar Arba wa Nus cikin Sudanawa. Yana da tsohuwar motar kaya da yake kwasar wa 'yan kasuwarmu kaya daga kasuwar Ataba. Kowace shekara in na tambayi dawowa sai ya ce baɗi. Tun daga filin jirgi na ji motar tana jan jiki a hawa. Ya ce ai wani bakanike ya ce injin ya kusa bugawa. Can ya ce, "Inna, in ya buga, khalas, shi ke nan. Ba ni da halin wani. Tare za mu koma gida."

A ranar ko yajin ban nema ba, na cinye koshari tas.

Akwai wani bakanike daban, Bahaushen Sudan a unguwarsu, shi ya ce kada a yanke wa inji hukunci da kunne, a kai baƙin man ɗakin gwaji, yadda ake kai jinin mutum asibiti. Na bi su garejin. Sai da injin ya yi zafi aka kwance, aka bar na farko ya zube, aka tari na tsakiya a kwalba mai tsabta, aka faɗi nisan da motar ta yi tun juyen baya. Na miƙa yatsa na lakato, na murza yadda Alhaji yake yi kowace safiya kafin ya tayar. Na ji tsaki-tsaki. Na ce a raina, ƙarfe ne, injin yana cin kansa. Da na kai hanci kuwa, sai ga Alhaji tsaye a gabana da tsummansa a kafaɗa, ga tashar Funtuwa, ga yaran mota suna ɗaure tamfol. Na goge yatsan a bakin mayafina, na juya baya don kada a ga idona.

Kwanakin jira Auta ya yi ta yawo da ni. Ya kai ni Zamalek, inda bishiyoyi suka rufe titi, na tsaya a gada ina kallon kogin Nilu. Ni kuwa hankalina na gida, ina shirya ɗakin da za a share, ina neman inda za a kafa wa matarsa murhu. Ban taɓa roƙon Allah Ya karya wa ɗana sana'a ba. Ban kuma iya roƙon injin ya warke ba. In na ɗaga hannu sai in ce, Ka san komai.

Da sakamakon ya fito, bakaniken ya zaunar da ni a kujera ya bi min shi dalla-dalla. Ya ce in da akwai dalma da tagulla da yawa a man, to metal ɗin da ke riƙe da cikin inji ya cinye, amma nasa kaɗan ne. Ruwan lagireto bai shiga ba, gas bai tsinka man ba. Ƙarfe ya ɗan hau, amma abin da ya yi yawa yashi ne, shi ke gogar ƙarfen, shi ne kuma na ji a yatsana. Suka buɗe gaban motar, ga tiyon da ke bayan filtar iska ya tsage, yana shaƙar ƙurar hamada. Ya ce a sauya tiyo da filta, a yi juye, in an ɗan yi tafiya a sake gwadawa, don gwaji ɗaya ba ya nuna inda aka dosa.

"Tamam, lafiya lau, Hajja," in ji bakaniken. "Injin nan zai yi shekaru."

Auta ya yi hamdala har da rungumar mutumin. Da ya juyo ya gan ni, sai dariyar ta tsaya masa.

"Ma'alish, Inna. Ki yi haƙuri."

"Ma'alish ɗin me? Ubanka da mota ya ciyar da ku. Je ka sayo tiyon."

Motar ce ta mayar da ni filin jirgi, tana hawa gada ba ko tari. Na saurara da kyau ko zan ji wani abu. Ban ji ba.

Na dawo Funtuwa na tarar an yi girbin abin da ruwa ya bari. Ɗakin da na shirya a raina, na sa an share shi duk da haka. Abin da tafiyar ta koya min, yatsa yana jin tsaki, amma zuciya ce ke faɗa masa ko mene ne. Mayafin yana nan a adaka, na hana a wanke. Cikin direbobin tasharmu da suka san warin nan tare da Alhaji, saura Malam Ɗanjuma da idonsa ya tafi, da Sale Dogo da ke Gusau wajen 'ya'yansa. Sai ni.