Ranar da Baba Mai Jirgi Ya Sake Buɗe Shago

Shekarun baya, tun filin jirgin sama yana cikin garin Jidda, akwai wani ɗan shago a unguwar Sharafiyya da ba a sayar da komai a cikinsa sai ƙananan jiragen ƙasa, irin waɗanda ake shimfiɗa wa layin dogo a kan tebur, a ba su lantarki su yi ta zagaye. Mai shagon Bahaushen Sudan ne. Ya yi aikin gyaran jirgin ƙasa a garin Atbara kafin ya zo hajji ya yi zamansa. Ba mai kiran sunansa, kowa sai Baba mai jirgi.

Masu saye dai ma'aikatan ofisoshin jakadanci ne da matuƙan jirgin sama. Mu 'yan unguwa namu kallo, kuma bai taɓa korar kowa ba. A lokacin babu jirgin ƙasa a Jidda, don haka na farko da na gani a rayuwata bai fi tafin hannuna tsawo ba. A tsakiyar shagon akwai ƙaton tebur da ya gina gari guda a kai da hannunsa, da tasha da gada da kogi na shuɗin gilashi, har da itatuwan dabino na waya.

Baba ba shi da iyali a Jidda. Ɗakinsa yana jikin gidanmu, a gidanmu yake ci, kuma shi ne babban aminin mahaifina. Wata shekara aka aiko ƙanensa ba lafiya. Ya kulle shago, ya ce mana sai bayan Idi, ya hau jirgin ruwa. Idi ya wuce shiru. Da alhazai suka fara isowa, wani mutumin Atbara ya ce wa mahaifina, "Ai mai jirgi ya rasu, da ni aka kai shi."

A gidanmu aka yi zaman makoki. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. Aka yi ta cigiyar magada ba a samu ba, mai ɗaki kuma yana son ɗakinsa, sai aka raba 'yan kayan ga maƙwabta da niyyar sadaka. Shagon ne kawai ya tsira, don mai ginin, wani dattijon Balarabe, ya ce amana ce, ba zai fasa kwaɗo ba. Haka ƙofar ta zauna tana tsatsa. Na girma, na samu aiki a mina, wato tashar jiragen ruwa, na yi aure, da aka haifa min ɗan fari na sa masa sunan Baba. Daga baya mahaifina shi ma ya rasu.

Wata safiya na fito sayo ful da tamis, wato dafaffen wake da burodi. Ina dawowa da kwano a hannu sai na ji wani ɗan siririn usur na ƙaramin jirgi da kunnena bai manta ba. Na waiga. Ƙofar shagon a buɗe, fitila a kunne, wani tsoho da farar jallabiya ya sunkuya a kan teburin yana hure ƙura. Ya ɗago ya dube ni, ya kira ni da sunan da ba mai kirana da shi tun ina yaro.

Ina so in ce muku na yi jarumta. Ban yi ba. Kwanon ya suɓuce, ful ya wanke min ƙafa, na kwasa a guje, ƙato da gemuna, takalmi ɗaya a ƙafa. Na faɗa gida ina haki.

Mahaifiyata ta ce, "Lafiya? Ina ful ɗin?"

Na ce, "Ummi, na ga Baba mai jirgi."

"Allah ya jiƙansa. A mafarki?"

"A shago. Yana share ƙura."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta taɓa goshina, sannan ta yafa abayarta ta ce, "Yalla, wuce mu je. In aljani ne ma ai ya ci tuwona."

Ita ta shiga gaba, ina bayanta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana salati. Baba ya ce, "Hajiya, ni ne, wallahi ni ne. Tun jiya mutane ke guduna." A nan ya warware mana. Ƙanensa direban jirgin ƙasa ne, na gaske, shi ma a can mai jirgi ake ce masa. Shi ne ya rasu, ya bar ƙananan yara ba mai riƙe su. Baba ya tsaya a kansu, iƙamarsa ta zama a Saudiyya ta mutu, kafilinsa da ya tsaya masa ya bar gari, hanyar dawowa ta toshe. Ya yi ta ba matafiya saƙon baki, ba wanda ya iso. Yanzu baladiyya, hukumar gari, za ta rushe layin shagunan don faɗaɗa titi, ɗan mai ginin ya tura neman magada har Atbara, sai aka tarar da mai kayan da kansa yana shan shayi. Da bizar umra ya shigo, kwanakinsa kaɗan ne.

Muna dariya muna share hawaye, sai ya leƙa bayanmu ya ce, "Ina aminina? Ko fushi yake har yanzu, ya ƙi zuwa?"

Mahaifiyata ta sunkuyar da kai. Ni ne na ce, "Baba, ai ya riga mu gidan gaskiya. An kwana biyu."

Ya dafa teburin, ya zame a hankali ya zauna a ƙasa cikin ƙura. Jirgin yana ta zagaye a saman kansa, ba wanda ya tuna ya kashe. Can ya ce, "Shi na zo gani. Kayan nan hujja ce kawai."

Da rana muka kai shi gida. Ya zauna, ya shafa dardumar da ke ƙarƙashinsa, ya dubi tiren da aka kawo shayi a kai, ya ce, "Kamar na san waɗannan." Kunya ta kama mahaifiyata, ta miƙe za ta tattaro masa kayansa. Ya ce, "Halas, Hajiya, zauna. Ladan ya riga ya shiga, kada ki sa a cire min." Da aka miƙa masa takwaransa kuwa, ya daɗe yana kallon yaron.

Labari ya zaga Sharafiyya har unguwar Mahjar. 'Yan kwanakin nan shagon bai taɓa cika irin haka ba. Magidanta, waɗanda muka yi kallo tare muna yara, suka zo da 'ya'yansu, suka ture yaran gefe suka durƙusa da kansu. Wasu sai sun taɓa hannun Baba kafin su amsa sallamarsa. Ya sayar da abin da ya sayu, ya ba da sauran kyauta. Teburin ne ya gagara, don a ciki aka haɗa shi, ya fi ƙofar faɗi. Baba ya ce a bar wa katafila. Wani abokina ya ce, "Ginin da za a rushe jibi muke jin tsoron fasawa?" Muka samo guduma muka buɗe gaban shagon, muka ɗauko garin nan a kafaɗa, motoci na tsayawa ana kallonmu, har saman gidanmu. Gaskiya bai yi ƙarko ba, damshin Jidda ya cinye shi cikin 'yan shekaru.

Kafin ya tafi na kai shi maƙabarta. Ya tsaya ya yi addu'a mai tsawo. Daga nan muka wuce mina, kuma ban sake ganinsa ba.

Yau in na bi wurin ba na iya nuna inda shagon yake, duk kwalta ce. Tsoron da na ji da safiyar nan ya zama abin dariya, jikokina ma tsokanata suke yi da shi. Abin da bai taɓa zama dariya ba shi ne aminan nan biyu: ɗaya ya yi makokin mai rai, ɗaya ya ƙetare teku yana ɗokin ganin wanda ke cikin ƙasa. Na taɓa faɗa wa mahaifiyata cewa abin yana damuna, mahaifina ya tafi yana zaton zai tarar da amininsa a can. Sai ta ce, "To, sai ya ɗan jira shi. Dama kullum shi ke riga zuwa."