Dutsen da Ya Fito Rumbu

Shekara ashirin ina filasta a Jega, sai wani alhaji ya ce in ƙera masa dutsen siminti a lambunsa. Na lanƙwasa rodi, na ɗaura raga, na yaɓa siminti. Amma hannun nan nawa ya saba da sulɓi. Duk inda na bar tsaga, sai cokalin gini ya koma ya shafe ta. Sau uku ina rushewa. A na huɗu, siminti yana ta bushewa, na yi jifa da cokalin, na dinga yakushin dutsen da farce har yatsuna suka yi jini. Alhaji ya zo ya zagaya shi, ya ce, "Malam, wanga ai rumbu ne. Ta ina za a zuba gero?"