Billen 'Yar Kwara

Ku matso kusa, jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Ba tatsuniya zan yi muku ba, don ita tatsuniya idan ta ƙare dariya ake yi a watse. Ɗazu babbarku ta shigo ɗakina tana murza wani mai a fuska, mai ƙarni kamar ɗanyen ƙwai. Na tambaye ta, ta ce na ƙara haske ne. Tun da warin nan ya bugi hancina wata fuska ta zo ta zauna mini a ido, ta ƙi tashi.

Gidanmu a unguwar Jekadafari yake, cikin Gombe, gidan ƙasa mai zaure biyu da darbejiya a tsakar gida. Kakanmu daga ƙasar Kano ya zo da fataucin goro, ya kuma zo da zanen gidansu. Duk wanda aka haifa a gidan nan, ranar suna wanzami zai tsaga masa bille daga gefen hanci zuwa kunci, da 'yan baka uku-uku. Ga nawa nan, ku duba, tsufa ne ya cinye shi. A zamaninmu ba a tambayar yaro ɗan gidan wa ne. Fuskarsa ake karantawa.

Mutum ɗaya ce a gidan fuskarta babu komai. 'Yar Goggo ce, ita Goggo kuwa ƙanwar Babanmu ce. Goggo wani Kwara ta aura, cikin mutanen Labanan ɗin nan masu kantin yadi da sayen auduga. Aure na sunna, da goro da shaidu. Shi ya hana a sa wa yarinyar aska. Tana shekara biyu Goggo ta rasu wajen haihuwa, kuma har aka share makoki babu Kwara ɗaya da ya tako ƙofar gidanmu. Kukunsa mijin ya aiko, buhun shinkafa a ka, yarinya a kafaɗa. Kaka, uwar Baba, ta mayar da shinkafar ta riƙe yarinyar.

Su Kwarori, ban san inda Allah ya ajiye su ba. Mu a wurinmu farare ne. Amma kukun nan ya ce a gidan shaƙatawar Turawa ta ƙofar baya maigidansa yake shiga, ya tsaya a tsaye da hula a hannu. Bature ba ya zama da su a tebur, su kuma ba sa zama da mu a tabarma. Har Turawa suka sauke tutarsu aka ɗaga tamu, haka abin yake. To ku auna wadda aka haifa a tsakaninsu da mu.

Na girme ta da shekara uku, Adda take ce mini. Tabarmarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Fatarta kamar cikin gwanda, gashinta ya ƙi kitso. Kaka takan kama ta raba, ya zame, ta sake kamawa, ya zame, sai ta dungure mata kai ta ce, "Tashi ki ba ni wuri, wannan gezar masara ce ba gashin mutane ba." A bakin rijiya yara su bi ta da tafi suna ruwa biyu, ruwa biyu, gurasar da ba ta gasu ba. Wata rana na iske ta bayan murhu ta shafe hannuwanta da baƙin tukunya har gwiwar hannu, tana kara su da nawa. Ni kuwa a ranar zuwa na yi na kira sauran yara su zo su gani.

Kada ku ce ƙinta nake yi. Idan baƙi suka zo, ita ake fara kallo, a ce tubarkalla. Ni sai a ce Allah ya raya, a kau da kai.

Bayan jirgin ƙasa ya fara shigowa Gombe, a wata bazara mai zafin da kaji ke buɗe baki, aka aike mu sayen zare. Tana da shekara takwas. Muka biyo ta gaban kantin ubanta, kamar yadda muka saba, ta rage tafiya tana leƙe. Ran nan sai ya fito ya yafito ta. Na bi bayanta, ya ɗaga hannu ya ce da yaron kantinsa, "Baƙar nan ta tsaya waje." Na tsaya cikin rana, ƙasa tana cin tafin ƙafata, ina jin ƙamshin sabon yadi daga ƙofa.

Ta fito da alawa biyu, ta ba ni ɗaya. A hanya ta kama hannuna.

"Adda, ki rantse ba za ki faɗa ba."

Na rantse da Allah.

Ta ce yayar babanta tana zuwa daga Jos ranar Juma'a. Ba ta taɓa haihuwa ba, tana son ta ɗauke ta, ta sa ta makaranta, a saya mata takalmi. Za su zo su nemi izinin Baba. "Can babu mai ce mini ruwa biyu, Adda. Idan na zo hutu zan kawo miki takalmi."

Alawar tana bakina ba ta gama narkewa ba na isa ɗakin Kaka.

Kaka ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi.  Sannan ta ce, ba da ni take ba, "Ɗa na uba ne, ko gaban alƙali aka je. Amma mutanen da ba su zo sun ga gawar 'yata ba, ba za su ci moriyar jininta ba." Baba yana can hanyar goro. Ta aika a kira wanzamin gidanmu.

Da hantsi ya zo ranar Laraba, zabira a kafaɗa. Da ya ji aikin ya ce, "Iya, wannan fa ta wuce. Fatar jariri ita ke karɓar aska ta manta. Ta babba riƙewa take yi."

Kaka ta ce, "Abin da nake so ke nan. Ubanka ya yi wa uwarta, kai za ka yi mata. Ko in nemi wani, ku bar cin naman sunan gidan nan?"

Ya shimfiɗa buzunsa ƙarƙashin darbejiya.

Yarinyar ta gudu ta shige bayan rumbu. Babu wanda ya san maɓoyarta sai ni. Kaka ta dube ni. Na je na ce, "Fito, sun tafi." Ta fito ta riƙe bakin zanena, na jawo ta har tsakar gida.

Mata biyu suka danne hannuwa, Kaka ta matse kan tsakanin gwiwoyinta, aka ce ni in hau ƙafafun. Na hau. Ba uwarta ta kira ba, ba ubanta ba. Adda take kira, Adda ki zo, alhali ina zaune a kan ƙaurinta. Ta fizge kai lokacin da askar ke kan kunci, billen ya karkace ya gangaro har kusa da muƙamuƙi. Wanzami ya yi salati. Kaka ta ce ya ci gaba. Da ya gama ya kankaro baƙin tukunya ya cusa a ciki don zanen ya fito. A fuskarmu bille sai an matso ake gani. A tata kuwa ya kwanta baƙi ƙirin, kamar an ja gawayi a farin bango.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mota ta tsaya a ƙofar gida. Baba ya dawo da safen, ya ga aikin, ya shiga zaure ya zauna, don ba a ɗaga wa uwa murya. Kaka da kanta ta ɗaura wa yarinyar sabon zane ta fito da ita. Fuskar ta kumbura, zafin bazara ya sa ta fara ruwa, ƙudaje suna bi.

Yayar Kwaran farar mace ce mai jiki, da mafici a hannu. Ba ta taɓa ta da yatsa ba. Da bakin maficin ta ɗaga haɓarta, ta juya dama, ta juya hagu, ta yi magana da harshensu ta koma mota. Daga baya kuku ya gaya mana abin da ta ce. Wai wannan an riga an yi mata shaida kamar saniya, ina za ta kai ta cikin mutane. Uban ya tsaya yana kallon ƙasa. Yarinyar ta ce, "Baba." Ya zaro hankici ya miƙa mata, ya shiga mota.

Kaka ta ce, "A gaida gida," ta koma kan kaɗinta.

Kuna tsammanin daga nan ta zama tamu? Da ciwon ya warke, yaran bakin rijiya suka sake waƙa, suka koma Baturiya mai bille. Kaka ba ta fasa cewa gezar masara ba. Wata rana muna tsince shinkafa mu biyu, ta ɗago ta ce a hankali, "Adda, yanzu na zama taku?"

Da na ce i, da me zai rage ni? Na ce, "Je ki tambayi madubi." Har dariya na yi.

Ba ta sake ce mini Adda ba. Ba ta taɓa tambayata wa ya kai maganar ba.

Kaka ta kai tsufa sosai, ta makance. Idan aka kawo mata jika sai ta lalubi kuncinsa, ta ji ko namu ne. Ta rasu ba ta ce ta yi kuskure ba. Wanzami ya bar sana'ar tsaga tun kafin a daina yayinta, ya tsaya a aski da ƙaho, kuma bai sake cin naman sunan gidanmu ba. Baba ya rayu yana kau da kai duk lokacin da ta kawo masa ruwa. Kwaran, da kuɗin man fetur suka zo auduga ta faɗi, ya rufe kanti ya koma Jos. An ce ya haifi wasu 'ya'yan, farare tas.

Ita kuma 'yar Goggo, wani direban babbar mota ɗan Tudun Wada ya aure ta. Ta haifi biyar, biyu farare, uku baƙaƙe, babu wanda aska ta taɓa wa fuska. Daga Tudun Wada zuwa Jekadafari tafiyar ƙafa ce, amma ko gaisuwar rasuwar Kaka a zaure ta tsaya. Da ita ma ta rasu, 'yarta ta zo ta ce dangin uwa mace ni kaɗai na rage, in zo in yi mata wanka. Na je. Gashin nan da ya ƙi kitso ya yi fari, ya kwanta mini a hannu, na raba shi uku ya tsaya. Na wanke billen tun daga gefen hanci har inda ya karkace. Na sunkuya na ce mata i. Lokacin kunnen ya riga ya rufe.

Ni ce na rage. Yau babu mai tsaga 'ya'yansa, sai ga shi kuna sayen abin da za ku saɓule fatarku da hannunku. Ke mai kwalbar man nan, ban ce ki zubar ba, fuskarki ce. Amma kada ki ƙara shigo mini ɗaki da shi.