Ranar da Kwalin Sigari Ya Faɗo Mini a Ruku'u

Shekarun baya, lokacin da gemuna bai gama fari ba, ƙanwata ta aiko a kira ni gidanta a unguwar Harra ta Gabas, nan birnin Manzon Allah. Na same ta zaune, shayi ya huce a gabanta ba ta taɓa shi ba.

"Yaya, ɗanka ya ɗauko wata sabuwa," ta ce. "Wai kiɗa. Ba kiɗan biki ba, ihu ne kamar ana yanka raƙumi. Ka je ka gani da idonka. In ka ce ya bari, zai bari, ko in ɗaga masa nono."

Ɗan nata yana aikin ɗora kayan alhazai a filin jirgin sama. A wani lokacin Hajji aiki ya yi musu yawa, ya fara haɗiyar ƙwayar hana barci, daga nan ta kama shi. Ya rame, idanunsa suka faɗa, ya kusa rasa aikin. Can sai muka ga ya dawo hayyacinsa, muka ce addu'a ce ta ci, kuma ita ce. Abin da ban sani ba shi ne hanyar da Allah Ya biyo da maganin.

Ran Asabar da safe ya ɗauke ni a motarsa muka kama hanyar Khaibar. Na tambaye shi me ya sa sai an yi wannan doguwar tafiya.

"Haba ya Kawu, a cikin Harami za mu yi wannan ƙarar? Aib!" ya ce. Da Hausa nake masa magana, yana mayar mini rabi da Larabci, kamar duk 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Ban nuna masa ba, amma amsar ta yi mini daɗi.

Su huɗu ne, kuma suna kiran ƙungiyarsu Garau. Wurin taronsu wani ɗakin ajiyar dabino ne a gonar mahaifin mai gangarsu, wanda asalin iyayensa mutanen Cadi ne. Mai gangar ne ya yi mini bayani, cewa kiɗan nasu na Turawa ne, sunansa fank, kuma su reshensa mafi zafi suka ɗauka, na waɗanda suka yi alkawari ba giya, ba sigari, ba ƙwaya. Alamarsu layi biyu a gitte a bayan hannu. Na ƙura wa layukan ido, ya gane abin da nake tsoro.

"La la, ya Shehi, ba gicciye ba ne. Alamar soke abu ce. Mun soke."

Suka ba ni kujera da faranti cike da dabino, suka fara. Jama'a, na taɓa jin tsawa, na taɓa zama kusa da injin niƙa, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Ƙura ta riƙa zubowa daga rufi. Awakin gonar suka watse. Kafin in gama hailala uku waƙar ta ƙare, ashe haka waƙoƙinsu suke, gajeru kamar atishawa. A ta biyu na kasa kunne, sai na gane ihun da ɗan ƙanwata yake yi Hausa ce: "Kaina garau! Ba zan koma ba!"

Da suka tsaya shan ruwa, mai ganga ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Ya Shehi, mun san abin da ya kawo ka. Wata goma sha ɗaya ke nan bai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Duk ranar da abin ya taso masa, nan muke kawo shi ya yi ihu har abin ya sake shi. In aka raba shi da mu, wallahi masu sayarwa suna nan suna jira."

Ni kuwa na zo ne da hukuncina a aljihu, da ayoyi da hadisai da na jera tun a mota.

To, akwai wani abu kuma a aljihun. Shekara kusan talatin ina shan sigari a ɓoye. Bayan La'asar nakan hau saman rufin gidanmu na gado, in laɓe bayan tankin ruwa, in sha kara biyu, in tauna asuwaki, in fesa turare, in sauko da carbi a hannu kamar wanda ya je duba gari. A ganina babu wanda ya sani sai Allah.

Azahar ta yi, suka ajiye kayan kiɗa ba tare da na ce uffan ba, suka yi alwala a famfon gona, suka tura ni gaba in ba su salla. Na yi kabbara da muryar malanta. Ina sunkuyawa ruku'u, kwalin ya zamo daga aljihun ƙirjin jallabiyata, ya faɗi a kan tabarma, ya buɗe, kara uku suka gangara har gaban sahu. Ban taɓa yin sallar da ta yi mini tsawo kamar wannan ba. Kowace sujada sai goshina ya sauka kusa da shi.

Muka sallame. Sai mai ganga ya ce, "Ya Shehi, ko na wani ne ka ƙwace?"

Ƙofa ce ya buɗe mini in fita da mutuncina, Allah Ya saka masa. Amma yanzu na gama salla, ba zan buɗe baki da ƙarya ba. Na ce, "Nawa ne."

Ɗan ƙanwata ya tsince karan ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin kwalin. Bai ɗago kai ba ya ce, "Kawu, sigarina na farko a bayan tankinka na ɗauka. A ƙarƙashin bulo kake ajiyewa."

Duk ayoyin da na jera suka juyo suna kallona.

Na ce su ba ni takarda. Yaran nan suna jin Hausa amma ba sa karanta ta da boko, haruffan Larabci kaɗai suka sani. Mahaifina kuwa, Allah Ya jiƙansa, ya koya mini ajami tun ina ƙarami. Na ce su faɗi alkawarin nasu, na rubuta shi da ajami, na yi masa wasali tsaf yadda kowa zai iya karantawa. Da na zo wurin sa hannu, na fara rubuta sunana.

"Allahu Akbar! Yalla, miƙo alƙalamin!" in ji mai ganga. Suka kama hannuna suka zana mini layukan nan biyu, suka buga mini waƙa guda ta musamman, wadda ta kusa kurmantar da ni.

Da yamma na koma wurin ƙanwata. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata.

"Na aike ka ka fito da shi, kai ma ka shiga?"

Na ce mata ni ba zan ba da fatawa a kan kiɗa ba, malamai sun yi maganarsu kuma na san ta. Amma na ga inda ɗanta yake salla a kan lokaci, na ga masu riƙe shi, kuma ba zan sa hannuna in raba su ba. Sannan na faɗa mata sirrina na shekara talatin.

Ta yi dariya har da hawaye. "Yaya, wane sirri? Hayaƙinka ta tagar kicin yake saukowa. Inna ce ta ce a bar ka, wai kada a kunyata malam."

Garau ta yi shekara huɗu. Ba su taɓa hawa wani dandali ba, masu sauraronsu ba su wuce abokai da ma'aikatan gona da awaki ba. Ni na zama magatakarda, duk waƙar da suka yi ni nake rubutawa a wani littafi mai shuɗin bango. Watannin farko na barin sigari sun ba ni wuya ƙwarai, kuma sau biyu na buga waya na ce a zo a kai ni Khaibar. Ban yi ihu ba, amma na zauna kusa da ganga. Daga baya aure ya ɗauke biyu, aiki ya kai mai ganga Jidda, aka mayar da ɗakin wa dabino. Alkawarin dai babu wanda ya karya a cikinmu mu biyar.

Na daɗe ina ɗauka cewa nasiha daga sama take gangarowa, daga mai gemu zuwa marar gemu. Ranar nan na ga ta hauro. Yanzu ɗan ƙanwata yana da 'ya'ya uku, shi ne shugaban masu ɗora kaya a sashensu, muryarsa har yau a dishe take. Littafin yana cikin akwatina tare da takardun mahaifina. Kuma duk lokacin da na ba da salla yana bayana, in mun sallame sai ya leƙo ya dubi tabarma, ya ce, "Garau, Kawu?"

In shafa aljihu in ce, "Garau, alhamdu lillahi."