Sueko, Mai Gadin Ruwan Shinkafa

Tun da sanyin safiya Hatakeyama Sueko take zura takalman roba, ta hau keke, ta bi gonakin shinkafar ƙauyenmu ɗaya bayan ɗaya. A kowace gona sai ta durƙusa ta tsoma yatsa. In ruwa ya rufe ƙasa, ta wuce. In ya janye, mai gonar zai ji sallamarta kafin ya gama karin kumallo.

An rufe mahaƙar tagullar da ke kan dutse tun Sueko tana amarya, amma tarin dagwalon da aka bari ya riga ya cuce mu. Ruwan sama ya ratsa shi, ya kwaso gubar ƙarfe ya shimfiɗa mana a gonaki. Muddin ruwa na kwance a gona lokacin da shinkafa ke fitar da kai, gubar ba ta motsi. Da zarar ƙasa ta sha iska, sai ta bi saiwa ta shiga ƙwaya. Manomi kuwa busasshiyar ƙasa yake so, kada injin girbi ya kafe a taɓo. Shekara ashirin da shida tana wannan rigima, ba gidan da ake murnar ganinta.

A wata shekara da aka yi fari, gonar tsoho Gisaburo da ke ƙarshen magudana ta fara tsagewa. Da ya hango ta sai ya haɗe rai.

"Ke dai Yaya, ba ki da aiki sai leƙen gonar mutane? Haifo ruwan zan yi?"

"Wa ya ce ka haifa, sarkin taurin kai? Buɗe mashigarka ka koma gida."

Ta je ta toshe tata mashigar, rabon ruwanta ya gangara masa. Da kaka aka gwada, shinkafar Gisaburo ta fita lafiya. Tata kuwa aka sami guba a ciki, aka ɗora buhunan a mota aka kai aka ƙone, tana tsaye tana kallo. Daga bakin matarsa muka ji, ita ba ta taɓa faɗa ba.

Bana gwiwa ta ƙi, ta ajiye aiki. A taron ƙauye aka nemi magaji, wani manomi ya ce, "Anya gubar nan tana nan kuwa? Ni dai tun da na taso ban ga wanda ta kama ba." Aka yi dariya. Sueko ta sunkuyar da kai, ni kuwa abin ya yi mini ciwo.

Ke ce dalilin da bai gani ba, uwar ruwa. Kin yi aikin har aka manta amfaninsa. Mun gode, duk da godiyar ta zo a makare.

Ku kuma masu ƙafa, wani ya tashi. Saura mako uku shinkafa ta fitar da kai, kuma har yau ba wanda ya ɗaga hannu.