Rigar Motar Tela

Tun da Tela ya fara ɗinki bai taɓa kai kekensa wurin mai gyara ba, kuma in ka zauna a bencin shagonsa sai ya gaya maka haka, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Shagon ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai wanki da guga da mai sayar da kwanuka, amma ba za ka ga zare ko ɗaya a ƙasa ba. Kowace safiya kafin ya taɓa yadin kowa sai ya zare kwarkwaro, ya share ƙurar auduga da tsohon buroshi, sannan ya ɗauko ɗan gwangwanin mansa mai dogon baki ya bi ramukan keken yana ɗiga musu. Keken ya girmi wasu daga cikin masu kawo ɗinki, amma in yana tafiya ko ƙararsa ba ka cika ji ba.

Bayan ƙofa akwai buhunan ƙyallaye. Tela ba ya zubar da komai. Ƙyalle ko bai kai tafin hannu ba, a wurinsa aljihu ne da bai samu rigarsa ba tukuna. Mutum ne mai gaskiya da tsabtar aiki, sai dai yana da taurin kai irin na wanda ya iya abu ɗaya ƙwarai har ya ɗauka ya iya sauran.

'Ya'yansu sun watse neman abinci, gida ya rage daga shi sai matarsa, wadda yake kira Uwargida ko da wasa ko da faɗa. Ita ce ciwon ƙoda ya kama. Likita ya ce ƙodar ta daina tace jini, don haka duk mako sai an kai ta babban asibiti a can ƙarshen gari, a jona ta da inji ya zuƙe jinin ya wanke ya mayar. Layin masu jira ya fi injinan yawa nesa ba kusa ba. Kowa da ranarsa da lokacinsa, wanda ya makara a ba na bayansa.

Zuwa ba shi ne wahalar ba, dawowa ce. Takan fito daga ɗakin wankin kamar tsumman da aka matse, sannan su tsaya a bakin titi cikin rana suna jiran motar haya. Wata rana aka cusa su a kujerar baya, wani fasinja ya turo kwalin kayansa ya daki hannunta daidai inda ake soka allura. Jini ya ɓalle ya jiƙa mata zane. Kwandasta bai ga komai ba sai kujerarsa da za ta ɓaci. Tela ya yage hannun rigarsa ya ɗaure mata. A ƙofar gida ne ya ce, "Uwargida, kin daina shiga motar haya. Na faɗa miki."

Ta ce, "To da me za mu riƙa zuwa, Maigida? Ko keken ɗinkin za ka sa wa taya?"

Bai yi dariya ba. Yana da ɗan fili da ya gada, wanda ya daɗe yana cewa nan zai gina musu ɗakin tsufa. Ya sayar da shi ya sayi mota ta hannu, mai launin toka, ƙofarta ta baya sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Wanda ya sayar masa ya rantse an yi mata komai, ba ta buƙatar komai.

Ƙanin matar, wanda duk dangi ke kira Auta ko da yake furfura ta fara fito masa, bakanike ne mai gareji a bayan kasuwa. Shi ya koya wa Tela tuƙi a filin ƙwallo, kuma ba a rabu da daɗi ba. Tela yana taka totur kamar yana taka keke, ya danna ya saki, ya danna ya saki, motar tana zabura kamar akuyar da aka ɗaure. Auta ya yi ta dariya yana cewa, "Yaya, ba kalmasa muke yi ba." Tela ya iya tuƙin daga baya, amma dariyar ta zauna masa a rai.

Abu na farko da ya yi wa motar shi ne riga. Ya zagaye ta da tef yana awo kamar amarya ce ta zo ɗinki, ya sayo tamfol mai kauri, ya yi masa shafi da yadi mai laushi don kada fenti ya karce, har da aljihu biyu na madubai. Da ya lulluɓa mata, rigar ta zauna ɗas babu ko tattara. Mai wanki da guga ya ce shi kam bai taɓa samun rigar da ta yi masa kyau haka a shagon ba.

Kula kuwa, babu motar da ta samu irinta a unguwar. Da ya gama da keke sai ya koma kan mota. Ya buɗe bonet, ya duba ruwan lagireto, ya danna tayoyi da babban yatsa, ya goge inji da ƙyalle har sai ya yi sheƙi. Sannan ya zaro sandar awon baƙin mai, ya duba, in ya ga ya ɗan sauka ya ɗauko galan ya ƙara. Man da ke jikin sandar yana ta ƙara duhu da kauri, shi kuwa bai ga laifin hakan ba. Ai sunansa ma baƙin mai.

Waɗannan watanni su ne mafi sauƙi da Uwargida ta gani tun da ta kwanta ciwo. In an fito da ita, sai ta miƙe a kujerar baya ta rufe fuska da mayafi, kafin su bar harabar asibiti barci ya ɗauke ta. Tela yana tuƙi a hankali, yana kauce wa kowane rami, na baya suna ta danna masa oda yana yi kamar ba da shi ake ba. Wani lokaci in sun iso gida sai ya kashe motar ya zauna shiru har ta farka da kanta.

Wata ranar hutu Auta ya zo duba yayarsa, ya tarar da bonet a buɗe. Ya zaro sandar, ya murza man tsakanin yatsunsa, ya shinshina.

"Yaya, yaushe rabon da a yi mata juye?"

"Juyen me?"

"Juyen mai. A kwance noti a ƙasa, tsohon ya fita duka, a canja filta, a zuba sabo. Wannan na ciki ya mutu. Ƙila ma tun kafin ka saye ta yake nan."

Tela ya karɓi sandar ya nuna masa. "Dubi inda ya kai. Cike yake. Mai ba ya mutuwa, ƙarewa yake yi, in ya ƙare a ƙara. Kekena tun kana rarrafe nake ƙara masa, ban taɓa juye shi ba."

"Keke ba ya cin wuta, Yaya. Wannan tafasa yake yi a ciki, yana kwasar datti."

"Ku dai kanikawa ba ku iya ganin abu yana tafiya lafiya ku ƙyale shi. A zubar da galan guda a kwata, don kawai sifana tana maka ƙaiƙayi."

Uwargida tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, ta jingina da bango. Ta ce, "Ka bar shi ya juye mata mana, Maigida. Ni ma ai abin da kake kai ni a yi mini ke nan."

Ta faɗa ne da murmushi, amma fuskar Tela ta canja. Ya ce, "Kada ki ƙara haɗa kanki da ƙarfe." Ya rufe bonet, ya ja rigar motar ya lulluɓe ta, maganar ta mutu a nan. Auta ya sake tayar da ita daga baya, ya ce ko sisi ba zai karɓa ba, har man zai kawo. Kuskurensa shi ne a gaban mutane ya faɗa, a bencin shago, kuma ya haɗa da wasa. Tela ya ce ya gode, bai ɗaga kai daga ɗinkin da yake yi ba.

Motar ta yi iya ƙoƙarinta wajen faɗa masa. Ta fara wata 'yar ƙara da safe, kamar ana buga cokali a gindin kofi. Sannan jar fitila ta fara ƙyaftawa a gaban sitiyari in an tsaya a danja. Tela ya san maganin ƙara a inji, shekara da shekaru yana ba da shi: ya ƙara mai. Abin takaicin shi ne ba sakaci ya yi ba. Da sakaci ne da an samu wanda za a zaga a huce.

Ranar da abin ya faru ranar wankin jini ce. Sun fito da wuri, sun hau doguwar hanyar da ta zagaye gari, inda babu shago babu inuwa, motoci kuma ba sa tsayawa. Ƙarar cokalin ta koma ta guduma. Tela ya rage gudu, ya ji wani abu ya daki ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafunsa, motar ta yi shiru ta gangara gefen titi. Ya murza makulli, ko tari ba ta yi ba. Ya fita ya buɗe bonet, hayaƙi mai wari ya bugi fuskarsa. Ya zaro sandar. Man yana nan cike, daidai kan layi.

Ya tsaya a bakin kwalta yana ɗaga wa motoci hannu, suna wucewa. Ya kira Auta, wayar tana ta ringi a aljihun rigar da Autan ya rataye a gareji. Rana ta ɗaga, cikin motar ya zama tanda, Uwargida ta buɗe ƙofa ta zuro ƙafafunta da suka kumbura. Da ƙyar wani mai motar ɗaukar kaya ya tausaya ya kwashe su. Da suka isa, wani dattijo na kwance a gadonta an riga an jona shi. Nas ɗin ba ta yi musu tsawa ba, ta dai ce babu gurbi sai wani ya fasa zuwa.

Kwanakin da suka biyo baya ruwa ya taru mata a jiki. Fuska ta haye, numfashi ya koma sama sama, kwanciya ta gagara sai zama da matashi a baya. An samu gurbi daga baya, aka wanke ta, kumburin ya sauka, amma ƙarfin da take da shi kafin ranar bai dawo ba. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ta huta a hanya.

Auta ya jawo motar zuwa garejinsa. Tela ya tsaya a kansa yana kallo ya shiga ƙarƙashi, ya kwance notin, ya tura kwano. Babu abin da ya zubo. Sai da ya zura waya ya sossoka, sannan wani abu baƙi ya fara saukowa gudaji gudaji kamar kwaltar da ta fara sanyi. Auta ya fito yana goge hannu, mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ya rasa inda zai sa idonsa.

"Datti ya toshe hanyoyin, Yaya. Man yana ƙasa a kwance, bai hawa sama. Injin ya buga. Sai dai a sa wani injin."

Tela ya durƙusa ya taɓa abin da ke cikin kwanon. Maganar da matarsa ta yi a kan tabarma ta dawo masa. Duk mako shi yake kai ta a fitar mata da dattin jini, yana zaune a benci yana kallon injin yana aikinsa, amma bai taɓa yarda a kwance noti ɗaya ba.

"Da ka zage ni ranar nan," in ji shi.

Auta ya ce, "Da na zage ka ma ba za ka kawo ta ba, Yaya."

Wani injin ba abin da za su iya ba ne, fili kuma ya riga ya tafi. Aka turo motar ƙofar gida, Tela ya lulluɓa mata rigarta. Ya daina ba mutane labarin kekensa.

Ana gobe za su koma asibiti, Uwargida ta kira shi. Ta ce ƙarfen kujerar motar haya yana cin bayanta yanzu da babu nama, ko zai ɗinka mata ɗan matashi mai ƙarfi wanda ba zai yage ba in an matse su. Ya je shago ya zazzage buhunan ƙyallayen nan duka a ƙasa, tarin shekaru, bai samu ko ɗaya da ya isa ba. Ya dawo ya gaya mata.

Ta ce, "Rigar motar fa? Tana da kauri, ga shafi mai laushi."

Ya daɗe a tsaye da almakashi a hannu kafin ya sa alli ya ja layi a kan tamfol ɗin, daidai saitin tagar baya. Ya yanka, ya cusa soso, ya bi gefen da ɗinki biyu, ya sa masa igiyar ratayawa. Aikin ya yi kyau, kamar kowane aikinsa.

Da safe suka fito, tana dafe da kafaɗarsa, matashin yana ƙarƙashin hammatarsa. Ta ramin da ya yanka ana hango kujerar baya, mayafinta na barci yana nan a ninke inda ta bar shi. Ta tsaya ta huta a jikin motar, ta shafa tamfol ɗin da tafin hannu.

"Mu je, Maigida," ta ce, "kada mu makara."